Abin Da Ke Cikin Kunun Isa

Shafi na 27

Na karanta saƙonninku. Wasu na cewa in tausaya wa Isa, wasu na cewa shi ya jawo wa kansa da ya faɗi gaskiya inda ba a tambaye shi ba. Ni ma har yau ban yanke hukunci ba. Mu koma gidan.

Kwana arba'in da ɗaya ke nan da aka karɓe wuƙar yanka daga hannun Isa.

Shekara goma sha tara shi ke yanka wa mahautan Talata Mafara. Sai wata safiya ya kwantar da sa, ya yanka, ya miƙe, ya rasa ko ya yi bisimilla ko bai yi ba. Ba wanda ya lura. Shi ya juya ya faɗa da bakinsa. Liman ya ce mantuwa ba ta haramta nama, amma maganar ta riga ta shiga kasuwa: mutumin da bai san abin da bakinsa ya faɗa ba, wa zai yarda da hannunsa? Sarkin Fawa Bello ya miƙa wuƙar ga wani mahauci mai suna Imrana, aka ce Isa ya je gida ya huta.

Ba ciwo ba ne da zai nuna da yatsa. Kansa ne kamar an cusa masa jiƙaƙƙiyar auduga. Magana ta taso ta tsaya a maƙogwaro. Ya shiga ɗaki ya tsaya yana kallon bango, ya manta abin da ya kawo shi. A sallah ya rasa raka'a ta nawa yake. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an kai shi wurin wani malami a Faru, duk shiru.

Bayan la'asar yana zaune a tabarma a tsakar gida, matarsa Zainabu tana tankaɗe, sai Tabita ta yi sallama. Malamar asibiti ce, shekara goma sha biyu katanga ɗaya ta raba gidajensu. Ita ta matsa masa makon jiya har ya yarda aka ɗebi jininsa.

"Sannu da gida, Malam Isa. Yaya ƙarfin jiki?"

"Alhamdu lillahi, Maman David. Ina gajiya? Ina aiki? Yaya maigidan da yara?"

"Duk lafiya, suna gaishe ka."

"Madalla. Muna amsawa."

Zainabu ta kawo mata kujera da ruwa. Tabita ba ta sha ba. Ta zaro takarda daga jaka.

"Sakamako ya fito. Suga lafiya. Hawan jini babu. Jininka ya yi ƙasa, amma kaɗan. Abin da ke cikin takardar nan bai isa ya kayar da namiji kamarka ba. Shi ya sa likita ya tambaye ni wane magani kake sha."

"Ban shan komi. Na hwaɗa miki."

"Haka na ce masa."

Ta sake sa hannu cikin jakar. Wannan karon ƙaramar kwalba ta fito da ita, mai jan murfi, cike da yaji. Ta ajiye ta a kan tabarma.

"Zainabu, shekaranjiya kin aiko mini da yajin daddawa a cikin wannan. Na gode, ya yi daɗi. Amma ba ki ɓare takardar jikinta ba."

Rariya ta tsaya a hannun Zainabu.

"Kwalba ce kawai, Maman David. Wanke su nikai, in zuba yaji."

"Na sani. Ba kya yar da kwalba, duk unguwa an shaide ki. Shi ya sa nake tambaya, sauran fa?"

Isa ya dubi kwalbar, ya dubi matarsa. Tunaninsa yana tafiya kamar jaki da kaya a cikin yashi, amma yana tafiya.

"Wane saura?"

Zainabu ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ta fito da kwando, ta ajiye. Kwalabe ne iri ɗaya, a wanke tsaf, an jera su baki a ƙasa. Isa bai ƙirga ba. Ganin sun rufe gindin kwandon ya ishe shi.

"Maganin mi na wanga?"

Tabita ce ta amsa. "Maganin sa cin abinci ne, wanda mata ke sha don su yi ƙiba. Asalinsa maganin ƙaiƙayi da atishawa ne. Yana buɗe ciki, gaskiya ne. Kuma yana kashe jiki, ya busar da baki, ya sa barci, ya dusashe tunani. Wanda ya sha cokali ɗaya ma ana hana shi hawa babur. Zainabu, wa ke sha a gidan nan?"

Zainabu ta shiga gyara zaman kwalaben cikin kwando. Tabita ta ci gaba.

"Ke dai ba ki ƙara ko tsoka ɗaya ba tun da na san ki."

Zainabu ta durƙusa inda take tsaye.

"Cikin kununai nike zubawa."

Kaza ta ratsa tsakar gidan, ta tsaya kusa da garin da aka tankaɗe, ba wanda ya kore ta.

"Tun yaushe?" in ji Isa. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Tun da ka tashi daga zazzaɓin damina. Malam, ka manta yadda ka koma? Riga na yawo a jikinka. Da munka tai suna Maradun, gaban mata Yaya Gimbiya ta ce mini, gidan fawa guda, ƙanena kamar sillen kara, mi kike dafa mai? Anka yi ta dariya. Wata ta ce ko naman duk gidanmu nike aikawa. Nan wata ta ja ni gefe ta nuna min kwalbar. Ta ce bitamin na."

"Cokali nawa?" in ji Tabita.

"Biyu da safe, biyu da yamma. Da na ga ya fara cinye tuwo, sai na ƙara guda."

Tabita ta rufe ido ta buɗe.

"Da safe. Kafin ya tafi ya riƙe wuƙa."

"Wallahi ban sani ba, Maman David. Da na sani..."

"Ba ki sani ba," in ji Isa a hankali, kamar mai auna maganar a tafin hannu. "Har yau ba ki sani ba, sai da ta hwaɗi?"

Zainabu ta ɗago ido, ta mayar. Da ta yi shiru a nan, da maganar ta mutu, domin Tabita ta riga ta buɗe baki za ta kare ta. Amma ta ce:

"Sati biyu da sunka wuce na yi zargi."

"Ina jin ki."

"Maganin ya ƙare, mai tallar bai zo kasuwa ba. Kwana uku ban zuba ba. Ran na ukun ka tashi ka gyara ƙofar garke, ka kira kowace akuya da sunanta, har ka yi wa ɗiyarmu Husaina dariya. Sai gabana ya faɗi. Na ce in wanga abu na, to ni na raba ka da wuƙarka. Ni na sa anka ce ka taɓu."

"Sai kika daina."

Ta kau da kai.

"Zainabu. Sai kika daina?"

"Na rage. Na koma cokali guda. Na ce in na daina gaba ɗaya ka warke rana guda, za a tambaya mi ya faru. Na ce bari in janye a hankali, kowa shi ɗauka rubutun Faru na."

Isa ya daɗe yana kallon hannuwansa. Abin da ya fi ci masa rai ba kwalaben ba ne. Wata uku ta cuce shi da ƙauna, wannan yana iya ɗauka. Sati biyu kuma ta cuce shi da tsoro, tana kallonsa yana lalube a cikin kansa. Amma kuma da ba ta faɗa yanzu ba, wa zai taɓa sani? Matar da ta ɓoye ita ce matar da ta tona, a zama ɗaya. Ya rasa wacce zai yi wa magana.

"Ni gaban mutum talatin na tona kaina," ya ce. "Ke gaban mutum guda kika kasa."

Zainabu ta kifa kai tana kuka marar sauti.

Tabita ta tafa hannu sau ɗaya.

"To. Faɗan nan ku adana shi, ba ya ruɓewa. Yanzu kai ne a gabana, Malam Isa. Daga yau babu kwalbar nan, likita ma haka ya ce. Goro nawa kake ci a rana?"

"Bakwai. Takwas. Don in kori barcin."

"Da shayin Bala mai baƙin ganye, na gan ka. Magani na danne ka da rana, goro na hana ka barci idan ka kwanta, ka tashi kai ba a farke ba, kai ba a barci ba. Goro ɗaya, kafin azahar. Ruwa kuma ka sha kamar ba naka ba. Yaushe rabonka da cin hanta?"

"Hanta ta masu saye ta."

"Ka ji mahauci. Shekara sha tara yana fid da hantar gari, jininsa na kuka. Hanta, wake, zogale, da ƙwayar ƙarin jinin da zan kawo maka. Da safe ka taka zuwa bakin titin Bakura ka dawo. Aiki ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ka ji tsoron mantawa, ka faɗe shi da ƙarfi."

"Shi ke nan zan dawo?"

"Ban rantse ba. Irin wannan nauyin kai hanyoyinsa da yawa: rashin barci, ƙarancin jini, damuwa, tashi daga dogon zazzaɓi, ciwon suga, wani lokaci maƙoƙo. Kai ka haɗa huɗu ka ɗora kwalba a kai. In mako uku ya wuce ba canji, mu koma wurin likita a ci gaba da nema. Amma ni dai ina da zato mai kyau."

Ta ɗauki yajinta ta mayar jaka.

"Wannan nawa ne, an riga an ba ni."

Kwana biyun farko ba abin da ya canza sai ciwon kai na rashin goro. A rana ta biyar ya yi azahar, ya sallame, ya zauna yana mamaki: raka'a huɗu, kuma ya san kowacce da ƙafarta. A rana ta tara Husaina, 'yarsa, ta tambaye shi sunan kakan kakanta, ya jero mata su har bakwai, duk mahauta, har da wanda ya taso daga Dakko da wuƙa ɗaya a ɗamara.

Zainabu ta koma dama kunu a gabansa, a tsakar gida, ta kurɓa kafin ta miƙa masa. Bai ce ta yi ba, bai ce ta bari ba. Magana tsakaninsu ba ta wuce ta ruwan alwala. Sai ranar sha shida, ta ɗaga ludayi za ta kai baki, ya ce:

"Bari. Miƙo."

Ta miƙa da hannu biyu. Ya shanye.

Ranar Talata, ranar kasuwa, ya sa tsohuwar rigar aikinsa ya nufi mahauta.

Hira ta yanke da aka gan shi. Sarkin Fawa Bello yana zaune a kan benci, sanda tsakanin gwiwoyinsa. Isa ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Allah shi ba Sarki nasara. An kwana lahiya? Ina gajiya? Yaya iyali, yaya jama'a?"

"Lahiya lau, Isa. Yaya jikin?"

"Jiki ya yi sauƙi. Wuƙata na zo nema."

Wani daga baya ya yi 'yar dariya. "Ka tabbata nan ka nuho? Ba masallaci za ka ba ka ɓace?"

"Nan na nuho, Sufyanu. Kai ma nan ka nuho, ko da yake matarka ta ce ka biya ka sawo mata gishiri tun jiya."

Dariya ta koma kan Sufyanu. Sarkin Fawa bai yi ba. Ya daɗe yana duban idon Isa.

"Ban ba da wuƙa don an iya ba'a. Amanar cikin mutane ta. Ku kawo farin san can."

Majiya ƙarfi huɗu suka jawo wani farin sa, suka ɗaure, suka kayar. Sarki ya yi wa Imrana alama, Imrana ya miƙo wuƙar, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Isa ya karɓa. Nauyinta ya zauna a hannunsa kamar bai taɓa barinta ba.

Tun kafin ya sunkuya Sarki ya fara jan shi da magana. Ina labarin malamin Faru? Gero ya yi kyau can? Wa ke limanci a garin yanzu? Isa yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, babban yatsansa yana bin bakin wuƙar. Ya tsaya.

"A ba ni dutsi. Akwai giɓi kusa ga ƙota. Ban azabtar da dabba."

Aka kawo dutsen washi. Ya wasa, ya gwada a gashin hannunsa. Ya zo kan san, ya dubi rana, ya dubi katangar masallaci.

"Ku juya shi. Wanga ba gabas ba na."

Masu riƙon suka dubi Sarki. Sarki ya ɗan gyaɗa kai, gefen bakinsa ya motsa. Aka juya san.

Isa ya dafa wuyan dabbar, ya yi bisimilla da kabbara da murya wadda har masu tsire a bakin hanya suka ji. Hannu ɗaya, tafiya ɗaya. Ya miƙe.

"Na gaba," in ji Sarki.

Aka jawo wata jar saniya. Isa bai bari an kayar da ita ba. Ya zagaya ta, ya dafa cikinta ta dama da tafin hannu, ya ɗan danna, ya jira. Ya duba hantsarta.

"Ta wa ce?"

"Tawa," in ji Sufyanu. "Jiya na sawo ta Maradun."

"Mai da ta gida ka ba ta dusa. Ciki gare ta, ya kai wata shida."

"Ƙiba ta. Dillali ya rantse min."

"To kawo hannunka."

Ya kama hannun Sufyanu ya ɗora inda nasa yake. Suka tsaya. Can sai Sufyanu ya janye hannun da sauri, ya dubi jama'a.

"Ya motsa."

Wannan ba ta cikin jarrabawar Sarki. Kowa ya ga haka a fuskarsa. Tsohon ya dogara sanda ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi wa kowa a mahauta.

"Mu talatin muna nan, saniyar ga ta kwana gabanmu, ba wanda ya gani. Isa, riƙe wuƙarka. Wanda ke da magana shi yi ta yanzu."

Ba wanda ya yi. Sai hannuwa, kowa na son ya gaisa da shi, masu cewa dama sun san zai dawo, har da waɗanda suka daina amsa sallamarsa. Isa yana karɓa yana murmushi. Kansa fes, kamar an share tsakar gida an yayyafa ruwa.

A cikin hayaniyar ne wani ya ce, "Sammu dai ya karye. Saura a san wanda ya yi shi."

"Sai an tambaya? A duba wa ya ci riba."

Idanu suka juya kan Imrana. Yana tsaye shi kaɗai a gindin ginshiƙi, hannu babu wuƙa. Mutanen da ke kusa da shi suka ja baya taku ɗaya.

Isa ya ga abin da zai biyo baya, domin shi ma an yi masa. Ba duka, ba zagi. Za a daina sayen naman Imrana, a daina zama kusa da shi, wata rana ya kwashe iyalinsa ya bar gari. Kuma abin da ake buƙata daga Isa don haka ta faru shi ne ya yi shiru kawai. Shirunsa zai rufa wa Zainabu asiri har abada.

Ya ɗaga hannu.

"Ba sammu ba na. Imrana bai yi min komi ba, sai ma riƙon amana. Magani na, na kwalba, wanda ake sha don a yi ƙiba. Wata uku da rabi ina shan shi cikin kunu ban sani ba. Shi ya rufe min kai, ga ƙarancin jini, ga goro ya hana ni barci. Maƙwabciyata malamar asibiti ta gano. Na daina, na warke. Iyakar labarin ke nan."

"Cikin kunu?" in ji Sufyanu. "To wa ya zuba?"

Kowa ya san wa ke dama wa mutum kunu.

"Hannun da ya zuba, don in rayu ya zuba," in ji Isa. "Bakinmu ya tura shi, mu da muke auna darajar mace da wuyan mijinta. Ni da shi mun gama magana cikin gida. Wanda ya kai ta kasuwa, da ni zai yi."

Ya taka har gindin ginshiƙi ya miƙa wa Imrana hannu.

"Talata mai zuwa ka zo da wuri. Ran kasuwa hannu guda bai isa."

Imrana ya riƙe hannun da nasa biyu.

Aka koma aiki. Isa ya yanka na biyu, na uku, har na tara, kowanne da sunan mai shi a bakinsa. Yana wanke wuƙa a bakin rijiya sai ya ji sanda a bayansa. Sarkin Fawa ne, shi kaɗai, kuma fuskar da ya zo da ita ba ta ɗazu ba ce.

"Isa. Kwalbar ga da ka ce. Ƙarama, mai jan murhi?"

"Ita ce, ranka shi daɗe."

Tsohon ya dafa bakin rijiyar.

"Ɗiyata Bushra, da ke aure Bakura. Tun da ta haihu ta rame, uwarta ke aika mata ita. Yanzu sun ce tana manta tukunya bisa wuta, tana kallon mutane ba ta gane magana. Sun ce iska na."

"Ina take?"

"Yau dangin mijin za su karɓe jaririn daga hannunta. Sun ce bayan azahar."

Isa ya ɗaga kai ya dubi rana. Ta kusa tsakiya.

Ya soke wuƙar cikin kube.

"Wa ke da babur nan?"